Lexus RX 350 a Hanyar Fadamar Argungu: Inda Ta Kafe, Abin da Ya Lalace, da Dalilinsa

Motar Lexus RX 350 ce ƙirar 2013, 'yar Kwatano, mai rubutun AWD a bayanta, wato mai jan ƙafa huɗu. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, giyarta otomatik mai hawa shida, tayoyinta 235/55 R19. Mai ita ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi, cikin waɗanda suka shiga noman shinkafa gadan-gadan bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a garin cikin Nuwamban 2015. Gonarsa tana fadamar Argungu, kamar kilomita 9 daga inda ake sauka kwalta. Da rani motar ta sha zuwa wannan gona ta dawo lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya yi shakkarta ranar da abin ya faru.

Tsakiyar Agusta ne, kuma an kwana uku ba a yi ruwa a yankin ba. Mutum huɗu ne a ciki: maigidan, ƙaninsa, direba, da wani dattijo mai kula da gonar wanda aka ɗauka a Argungu. A but an jera buhu huɗu na takin yuriya. Sun sauka kwalta wajen ƙarfe 11 na safe. Motar ba ta koma Birnin Kebbi ba sai washegari da yamma, a bayan motar janwe, ƙafar gaba ta dama a karkace, robar shaf a yage, bamba a ɓalle, kafet sharkaf da ruwa. Bayan sati uku aksul ɗin baya ya fara kuka. Injin ne kaɗai babban abin da ya tsira.

Jif ce a ido, amma ba Prado ba ce

A bakin mutane duk mota mai tsayi jif ce, kuma daga nan kuskuren ya faro. Prado, Lexus GX 460 da Hilux an ɗora gangar jikinsu ne a kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani, suna da giyar ƙarfi ta fowil wadda ke ninka ƙarfin injin ta rage gudu, kuma cikinsu yana da kariyar ƙarfe. RX ba haka take ba. Jikinta da shasinta abu ɗaya ne, tushenta ɗaya da Camry da Highlander, abin da ke rufe cikinta kuwa roba ce. Tsayin cikinta daga ƙasa santimita 18 da rabi ne idan ba kaya, alhali na Prado ya haura 21. Hancinta kuma ya zarce tayoyin gaba da nisa, saboda haka shi ke fara dukan ƙasa a duk gangara.

Yadda take jan ƙafa huɗu ma daban ne. A tafiyar yau da kullum ƙafafun gaba ne ke aiki. Akwai farfela da ta miƙe zuwa baya, a bakin aksul ɗin baya kuma akwai wani kuloci mai faya-fayai da yawa wanda kwamfutar motar ke matsewa da lantarki. Idan gaba ta fara sulɓi, sai a matse shi ya tura har kusan rabin ƙarfin zuwa baya. An yi wannan tsari ne don kwalta mai santsi da ƙanƙarar Amurka, inda sulɓin na daƙiƙa biyu ne ko uku. Idan aka bar tayoyi suna wulwulawa minti bayan minti, faya-fayan suna gogar juna su yi zafi, kwamfuta kuma ta saki kulocin don kada ya ƙone. Daga nan motar ta koma mai jan gaba zalla, daidai lokacin da aka fi buƙatar baya.

Duk mai irin wannan mota ya kamata ya durƙusa sau ɗaya ya leƙa ƙarƙashinta. RX da yawa da ke shigowa daga Amurka gaba kawai suke ja. Idan ba ka ga farfela ta bi tsakiyar cikin motar zuwa baya ba, taka tana cikinsu. Ita kuwa RX 450h mai haɗin fetur da batir, idan mai AWD ce, injin lantarki ne ke juya ƙafafunta na baya, babban batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya. Wannan ko kusa kada a kai ta bakin ruwa.

Kaya

A ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda a manne mai faɗin iskar taya da nauyin da motar za ta iya ɗauka. A irin wannan mota nauyin yana wajen kilo 400, mutane da kaya gaba ɗaya. Maza huɗu sun kai kilo 300, buhu huɗu na taki kilo 200. An wuce iyaka da kusan kilo 100, kuma mafi yawan nauyin a bayan aksul yake. Bayan motar ya zauna, cikinta ya ƙara kusantar ƙasa da santimita biyu ko uku, ƙafafun gaba da su ne masu ja kuma suka rage danna ƙasa. Akwai wani abu kuma da ba wanda ya lura da shi sai da rana ta ɓaci: jak, sifana da ƙarfen janwe duk suna ƙarƙashin daɓen but, buhunan suna kansu.

Yashi: inda aka fara gajiyar da motar

Kilomita huɗun farko burji ne mai gargada, ba matsala. Daga nan hanya ta ratsa jigawa, yashi mai laushi na tsawon kamar mita 300, samansa a bushe saboda kwana ukun da ba ruwa. Tayoyin suna ɗauke da iska 42 psi, aikin mai faci, wanda ya saba bugawa har sai taya ta yi tauri. Takardar ƙofa 32 ko 33 ta ce. Taya mai tauri haka tafinta ƙarami ne, tana yanka yashi ta nutse maimakon ta hau kansa.

Motar ta shiga, gudunta ya fara raguwa, direba ya ƙara wuta. Sai fitila mai ruwan ɗorawa ta fara ƙiftawa a dashbod, injin kuma ya yi kamar an shaƙe shi. Wannan aikin na'urar hana sulɓi ne: da ta ji taya na juyawa fiye da tafiyar mota, sai ta rage wuta ta kama birki. A kwalta tana ceton rai, a yashi kuwa tana kashe ɗan gudun da zai fitar da kai. Motar ta tsaya. Direba ya yi ta gaba, ribas, gaba, ribas, totur a ƙasa, kusan minti goma, har tayoyin gaba suka tona rami. Samari shida daga ƙauyen da ke kusa ne suka turo ta ta fita. A lokacin gargaɗin AWD ya riga ya bayyana a dashbod, an gan shi, aka wuce.

Wannan yashi ba ya fin ƙarfin RX. Abin da ake yi shi ne a tsaya a kan ƙasa mai tauri kafin a shiga, a sace iskar tayoyi huɗu da geji zuwa 20 psi. Kada a sauka ƙasa da 18 a wannan taya, domin kaurin gefenta santimita 13 ne kacal, ba kamar na Prado mai 265/65 R17 da ya kai 17 ba. Idan iska ta yi ƙasa sosai taya na iya zamewa daga rim, ko rim ɗin ya daki dutse ya tsage. Sai a danna maɓallin kulle AWD, wanda ke riƙe kulocin baya a matse tun kafin sulɓi ya fara, kuma yana sakin kansa idan gudu ya haura kilomita 40 a awa. A danna maɓallin hana sulɓi sau ɗaya har a ga TRAC OFF. A mayar da giya gefen S a zaɓi 2. A shiga da gudun 20 zuwa 25, ƙafa a wuri ɗaya, a bi sawun da aka riga aka taka, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, ba taka birki. Idan za a tsaya a ɗaga ƙafa kawai, yashin zai tsayar da ita. Idan kuwa ta daina gaba, a cire ƙafa nan take. Daƙiƙa biyar na wulwulawa sun isa su mayar da aikin tura hannu ya zama aikin shebur. A koma baya a hankali a kan sawun da aka shigo, a sake ɗauko ta.

Ruwa

Kilomita biyu kafin gona akwai kwalbati a wani kwari. Da rani ba ka ko lura da shi. Ranar nan ruwa ya shafe shi, faɗinsa kamar mita 15, yana tafiya a hankali, launin ƙasa-ƙasa, ba a ganin gindinsa. Direba ya yi lissafin cewa kwana uku ba ruwa, saboda haka ba zai yi zurfi ba. Wanda ya san fadamar nan ya san ba haka take ba. Ruwan da ke cika fadamar Argungu a Agusta da Satumba daga nesa yake gangarowa, ta Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, daga wuraren da ke bayan madatsun Goronyo da Bakolori. Sararin sama zai iya zama tas a Argungu, kwari ya cika cikin dare. Ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi a 2020 ta nuna wa kowa girman abin da kogin nan ke kawowa.

Ba wanda ya sauka ya taka. Direba ya ja baya kaɗan ya ɗauko gudu, kamar yadda ake yi wa taɓo, ya faɗa ruwan da gudun da ya kai 30. A tsakiya zurfin santimita 45 ne, kuma a ƙarƙashi akwai sawun tarakta mai zurfin kusan 25. Hancin motar ya duƙa cikin sawun, ruwa ya taso ya hau bonet har gilashi. Injin ya yi tari sau biyu. Tayoyin gaba sun fara hawa ɗaya gaɓar, cikin motar ya zauna daram a kan tudun laka da ke tsakanin sawu biyu, injin ya mutu. Bayan motar yana cikin ruwa har gindin ƙofa.

Direba ya taka birki ya kai yatsa kan maɓallin tayarwa. Dattijon da ke bayansa, wanda ya yi shekaru yana fama da injin ban-ruwa, ya riƙe masa kafaɗa ya ce, "Ɗana, kak ka tada ta." Maigidan ya so a gwada ko sau ɗaya. Dattijon ya ce, "Alhaji, a buɗe gidan iska a gani tukuna." Aka buɗe bonet, aka ɓalle murfin filtar iska. Takardar filtar ta jiƙe ta lanƙwashe, ruwa kwance a gindin akwatin, bututun da ke zuwa injin yana ɗiga.

Ga abin da ya sa wannan minti ɗaya ya fi komai muhimmanci a duk ranar. Bakin da injin RX ke shaƙar iska yana bayan ragar gaba, daga sama. Kowace silinda tana zuƙar abin da ya kai mililita 576, fistin ya matse shi ninki 10.8, ya tara shi a ɗan wurin da bai kai mililita 60 ba. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Cokali huɗu na cin abinci cike da ruwa sun isa su cike wannan ɗan wuri. Idan fistin ya taso da ƙarfi ya tarar da ruwa, abin da ke ba da kai shi ne sandar da ke haɗa shi da kiransha: ta lanƙwashe, ko ta karye ta huda bulo. Sau da yawa injin da ya mutu a ruwa yana mutuwa ne kafin ɓarnar ta kai nan. Danna kik na biyu da na uku ne ke ƙarasa shi.

Dokar ruwa ga irin wannan mota a ƙafa take farawa. A sauka da sanda, a taka daga gaɓa zuwa gaɓa ta inda tayar dama za ta bi, a dawo ta inda ta hagu za ta bi, ana jin gindin: yashi ne, marmara, ko laka mai riƙe ƙafa. Tsayin tayar nan santimita 74 ne, tsakiyar rim tana 37. Ruwan da ya haura 30 ba na RX ba ne, kuma idan gindin laka ne a ƙara zurfin da tayar za ta nutse a kan lissafin. Land Cruiser da Hilux an ƙera su su shiga har santimita 70. Wannan adadin nasu ne. Idan ruwan yana gudu har yana ture ƙafa, ba a shiga ko da zurfin bai kai ba. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu na santimita 30 yana ɗauke ƙananan motoci, na 60 yana ɗauke manya.

Idan ma'auni ya ba da dama, a jira minti 15 zuwa 20 aksul da giya su huce, a kashe AC don kada fankar lagireto ta tashi cikin ruwa, a sauke gilasai, a kulle AWD, a sa giya S1, a shiga da saurin tafiyar ƙafa. Kada a tsaya, kada a ƙara wuta a tsakiya. Bayan an fita a taka birki a hankali sau da yawa ana tafiya har ya bushe. A wannan kwari kuwa ma'aunin ba zai ba da dama ba. Santimita 45 a kan laka hukuncinsa ɗaya ne: a ajiye motar a kan fako, a ɗora takin a amalanke, mutane su ƙarasa kilomita biyun a babur ko a ƙafa.

Janyowa: inda ƙarfe ya lanƙwashe

Ɓarnar da ido ya gani a gareji ba ruwa ne ya yi ta ba, tarakta ce. Ta iso bayan awa biyu da sarƙa. Aka duba gaban motar ba a ga inda za a maƙala ba, yaron tarakta ya kwanta cikin taɓo ya zagaya sarƙar a ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ta dama daga ƙasa. Tarakta ta ja, motar ba ta motsa ba, domin cikinta yana manne da laka, ita kuma laka tana tsotse abin da ya zauna a kanta. Sai aka ja baya aka saki sarƙa ta yi sako-sako, aka fizga. A fizga ta uku motar ta fito. Ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe, sandar sitiyari ta wannan gefen ta bi shi, sarƙar ta yaga robar shaf, ta ɓalle ƙasan bamba da murfin cikin injin. An ƙera wannan ƙarfe ne don ya riƙe taya ɗaya a wurinta, ba don a rataya masa mota mai kusan tan biyu da laka ta riƙe ba.

Wurin janwe yana nan. A bambar gaba akwai ɗan murfin roba mai kusurwa huɗu. Ana ɓalle shi da sukudireba, a ɗaura ƙarfe mai zobe da ke cikin kayan but, a murɗa shi har ƙarshe, a ƙara matse shi da sifanar taya. Amma shi ma don ja a hankali aka yi shi, ba don fizga ba. Saboda haka aikin farko na shebur ne. A sauke mutane da kaya. A tone tudun da cikin motar ya hau har a ga haske ta ƙarƙashi, a share gaban kowace taya ya zama gangara mai sauƙi. A kafa jak a kan katako mai kauri, a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a cika ramin da rassan itace, marmara, ko buhunan da aka cika da yashi. Kada kowa ya sa kai ko ƙirji a ƙarƙashin mota tana kan jak a cikin laka, ko na daƙiƙa ɗaya. Wannan aiki na awa ɗaya ne ga mutum huɗu, kuma bayansa motar ba ta buƙatar ko rabin ƙarfin da aka sa mata.

Igiyar ja ta zama mai faɗi ta nailan wadda aka rubuta mata tan 6 ko fiye, ba sarƙa ba, domin sarƙa ba ta miƙewa, duk dukan yana sauka kan mota kai tsaye. Tarakta ta tsaya a saitin motar sak, ta ɗame igiyar tukuna, sannan ta ja da giyarta mafi ƙarfi. A yafa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiyar don ya kashe ta idan ta tsinke. Jama'a su koma gefe nesa fiye da tsawon igiyar, musamman yara, waɗanda su ne ke fara taruwa. Zoben ƙarfe da ya ɓalle a lokacin fizga yana tafiya kamar harsashi.

Da yake injin a mace yake, sai a danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba, don wuta ta kawo sitiyari ya saki. Idan aka taka birki aka danna, kik zai juya injin, abin da ake gudu ke nan. Giya tana komawa N ta hanyar danna ɗan maɓallin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙaramin murfi a gefen sandar giya. Mai zama a sitiyari ya sani cewa birki zai yi tauri bayan taka biyu ko uku. Da motar ta fito tudu, a cire kan batir na baƙar waya.

Mai tarakta ya yi tayin jan ta har Argungu. Ƙanin maigidan ya ƙi, kuma ya yi daidai. Famfon man giyar otomatik injin ne ke juya shi. Jan motar kilomita bakwai injin a kashe yana nufin kayan cikin giya suna juyawa ba mai. Ɗaga gaba a bar baya a ƙasa kuma yana ƙona kulocin AWD. Mota irin wannan ana ɗora ta ne gaba ɗaya a kan janwe mai shimfiɗa. An ja ta a hankali iya inda janwen za ta iya isowa, aka bar mutum biyu suka kwana da ita.

A gareji

Makanikin ya fara da filogi. A wannan injin uku na gaba suna fitowa cikin sauƙi, uku na baya kuwa sai an cire babban bututun iska da ke kansu, kuma nan ne wasu ke yin ha'inci su tsaya a ukun gaba. An cire duka shida, an cire fiyus ɗin fetur, an juya injin da hannu ta kan fulin kiransha har zagaye biyu ba tare da ya cije ba. Sannan aka danna kik, silinda biyu suka feso ruwa. Aka busar da bututu, aka tsabtace na'urar auna iska da ke bakinsa, aka sa sabuwar filta, aka juye baƙin mai, lita shida da ɗoriya, aka bar injin ya yi silo na minti 20, aka sake juyewa. Gwajin matsi ya nuna silinda shida kusan daidai suke. Da sanda ɗaya ta lanƙwashe, da silindarta ta nuna ƙasa da sauran.

An sauya ƙarfen ƙafa da sandar sitiyari, an wanke shaf an sa sabon giris da roba, an yi saitin ƙafa. An cire kujeru an ɗaga kafet. Soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa har makonni, kuma wayoyi da kwamfutar jakar iska a daɓen suke. Wanda ya goge sama kawai ya fesa turare zai ga fitilu suna kamawa a dashbod bayan wata biyu, lokacin da tsatsa ta ci mahaɗan wayoyi. An wanke laka daga tsakanin lagireto da kwandensar AC, da cikin rim, inda busasshiyar laka ke sa sitiyari rawa a kan kwalta.

Abu ɗaya aka manta. Aksul ɗin baya yana da ɗan numfashi a samansa, inda iska ke fita idan mai ya yi zafi. Ranar nan aksul ɗin ya shiga ruwa da zafinsa, bayan wahalar da ya sha a yashi. Ƙarfe mai zafi da ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, ya zuƙo abin da ke waje ta numfashin da bakin sil. Ga shi kuma ya yi sama da awa biyu a nutse. Bayan sati uku sai wani kuka ya fara tashi daga baya idan gudu ya kai 60, yana ƙaruwa da gudu. Da aka kwance noti, abin da ya zubo kamar shayi mai madara ne, da ɗan yashi a ciki. Tsatsa ta riga ta ci boris, haƙoran giya sun fara ramuka. Aka sayi wani aksul na hannu aka sa. Man da wannan aksul ke ci kusan rabin lita ne na man giya GL-5, na akwatin raba ƙarfi da ke gaba ma bai kai lita ɗaya ba. Duk motar da ruwa ya kai tsakiyar rim ɗinta, a kwance waɗannan notuna biyu a duba man cikin kwana ɗaya ko biyu, a duba man giyar otomatik tare da su.

Kayan da ya kamata su zauna a motar

Mai RX, Venza, Highlander ko Mercedes ML da gonarsa ke bayan kwalta yana buƙatar gejin iska, famfon taya mai aiki da batirin mota, shebur, katako mai faɗin santimita 30 da kaurin 5, igiyar ja da ƙugiyarta, da sanda mai alama a santimita 30. A fito da ƙarfen janwe daga ƙarƙashin but a ajiye shi a aljihun ƙofa kafin a loda kaya. Famfon ba na ado ba ne: taya mai 20 psi idan ta hau kwalta da gudu tana zafi ta fashe, saboda haka a mayar da iskar daidai da takardar ƙofa tun a bakin titi. Safayar da yawancin waɗannan motoci ke zuwa da ita siririya ce, mai 60 psi, wadda ba a wuce gudun 80 da ita. A yashi ko laka ba ta da amfani, gara a nemi cikakkiyar taya da rim iri ɗaya da sauran. A fita da sassafe, a tambayi masu babur da ke fitowa daga hanyar halin da kwari yake ciki da kuma zancen tsaro, a sanar da wani a gida inda aka nufa, a kama hanyar dawowa kafin la'asar.

Hanyar nan tana da wani haɗari na daban idan kaka ta yi. Laka ta bushe ta bar sawun tarakta da tauri kamar siminti, kuma tudun tsakiya yana iya fasa kaskon baƙin mai. A nan ana ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun, na ɗaya gefen a kan gaɓa, a bi a hankali. A bakin gona kuma akwai tarin ƙaiƙayi da busasshen karan shinkafa. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana yin zafin da ya haura digiri 400, ga cikin motar kusa da ƙasa. A ajiye ta a kan fako, kuma kafin a tashi a leƙa a zare duk ciyawar da ta naɗe a farfela ko ta maƙale tsakanin salansa da murfinta.